Kunnen Hagun Egya Ebo

A Sekondi ta ƙasar Gana, in ka tambayi gidan Ebo Quansah sai an yi ta kallonka, amma ka ce gidan Mai Kunne, ko 'yar tallan dokunu, tuwon masarar nan, za ta nuna maka. Sunan nan bai same shi a banza ba. Ƙungiyarsu ta mutum biyar ce, suna waƙar jaz irin wadda matuƙan jirgin ruwa suka shigo da ita garin nan tun zamanin iyayenmu, sai dai su ba ganga, ba jita, ba ƙaho. Baki ne komai. Wannan ya zama ƙaho, wancan ya zama kuge, shi kuwa Ebo, wanda ake kira Egya, wato baba, ƙirjinsa ne babbar jita mai kaurin murya, dum, dum, ba-dum, sauran huɗun su hau kansa su yi ta yawo. Kuma shi ke ba da sautin farko. Wasu ƙungiyoyin sai an busa musu ɗan usur kafin su san inda za su kama, shi kuwa sai dai ya lumshe ido ya yi ɗan gunji ta hanci, shi ke nan an samu hanya. Daga nan ba ya sake buɗe idon sai waƙa ta ƙare.

Sana'arsa gyaran jikin jiragen kamun kifi ce, tun yana saurayi guduma na faɗa wa ƙarfe dab da kansa. Sannu a hankali kunnen hagu ya fara ɗaukewa, har ya wayi gari ya mutu murus, na daman ma ya soma rage aiki. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Mutumin da gari ke kira Mai Kunne ya buɗe baki ya ce ya kurmance? Ai gara masa a ce ya yi sata. Sai ya koyi dabaru. In an jeru, kullum yana ƙarshen layi, abokan waƙa na damansa. In aka yi masa magana ta hagu, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, to." Mutane suka ɗauka girman kai ne ke sa shi kunnen uwar shegu, shi kuma ya gwammace a ce masa mai girman kai.

Amma waƙa ba ta san rufin asiri ba. Sai a fara a sama, kafin a kai ƙarshe an gangaro ƙasa kamar tsohon zane, ba wanda ya san inda aka zame. Duk wanda ya taɓa irin waƙar nan ya san in mai kaurin murya ya sauka, kowa sai ya bi shi, tunda a kansa aka yi gini. Egya Ebo ya fi kowa sanin haka. Ranar da shugabansu, Ticha Amissah, ya tsayar da gwaji ya ce, "Jama'a, wani na jan mu cikin rijiya," sai Ebo ya riga kowa buɗe baki, ya nuna Kuukua, tela mai siririyar murya, wadda ita ce ƙaramarsu.

"Ga ta nan. Muryarki ta ruɓe, 'yata. Ko ƙarar keken ɗinki ce ta cinye miki kunne?"

Wa zai yi musu da Mai Kunne? Kuukua ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki jakarta ta fita. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani, to shi Ebo har rawa ya yi a kan nasa. Aka kawo wata a gurbinta, waƙa ta ci gaba da gangarowa, ya ce damina ce, ya ce sabuwar ba ta goge ba tukuna. Ya koma gida ranar ya kasa cin fufu, ya ce wa matarsa miyar ce ta yi gishiri.

Ana nan Ticha Amissah ya rasu. Aka sa jana'iza ranar Asabar, aka kafa rumfuna a tsakar unguwa, gari ya cika da jajaye da baƙaƙen kayan makoki, aka jera lasifika har bakin titi. Da aka kira su, Ebo ya nufi wurinsa na kullum, sai matar mamacin ta riƙo hannunsa.

"Egya Ebo, ina za ka? Kai ne babba yanzu. Tsaya a gurbin ɗan'uwanka."

Haka ake yi, babban da ya rage shi ke tsayawa inda mamaci ya saba tsayawa, kuma girma ne da ba a mayarwa. Gurbin Ticha kuwa yana ɗaya ƙarshen layin. Ebo ya taka ya je, ya tsaya ya ba 'yan'uwansa mataccen kunnensa.

Fiifi, abokin waƙar da ke kusa da shi, ya sunkuyo ya raɗa masa magana. Abin da ya ce shi ne, in an zo inda Ticha ke yin ƙahonsa shi kaɗai, kowa zai yi shiru, a bar wurin fanko don girmama shi. Ebo ya ga leɓe na motsi, ya ji ɗumin numfashi a wuyansa, ya gyaɗa kai.

"To, to."

Ya lumshe ido ya ba da sauti, aka kama. Ba ya jin kowa sai kansa, don haka ya riƙe lissafin waƙar a zuci, yana tafiya a kan abin da ya haddace. Aka iso wurin Ticha, ukun suka ɗauke wuta, suka sunkuyar da kai. Jama'a suka gane, maza suka cire hula, matar mamacin ta rufe fuska da gefen zane. A cikin wannan shirun, sai ga Egya Ebo shi kaɗai a lasifika, ido rufe, kafaɗa na rawa, yatsu na ƙyastawa, dum, dum, ba-dum-dum, yana yi wa gawa tafiyar ango. Fiifi ya ce, "Egya." Ya sake cewa, "Egya, tsaya mana." Duk ta hagu. Sai da ya damƙi gwiwar hannunsa ya girgiza, sannan Ebo ya buɗe ido.

Abin da ya fara gani wata tsohuwa ce ta cusa hankici a baki, kafaɗunta na tsalle. Can baya wani da ya sha ya yi tatul ya ɗaga murya ya ce, "A bar shi ya ƙarasa, Ticha ma yana jira ya taso ya taka." Dariyar da ake dannewa ta ɓalle a rumfar baya. Kunya ta rufe Ebo tun daga tafin ƙafa, ya so ƙasa ta tsage ya shige. A layi na biyu kuma ga Kuukua zaune cikin baƙaƙen kaya, ita ba ta dariya, kallonsa kawai take yi, kuma wannan ya fi masa ciwo.

Bai je coci ranar Lahadi ba. Matarsa ta ce gari na cewa giya ce, wasu na cewa baƙin ciki ne ya juya masa kai. Ya ji wani sanyi a ransa, don ko wanne daga ciki ya fi masa gaskiyar sauƙi, kuma da ya yi shiru da an tafi a haka. Sai dai kallon nan na Kuukua ya hana shi sakat.

Litinin da hantsi ya je shagonta. Tana kan keke tana haɗa rigar wata amarya, ta nuna masa benci da haɓa. Bencin na jikin bango, in ka zauna keken na hagunka. Ya zauna. Ta yi magana ba ta ɗago ba, ya ga bakinta ya motsa.

"To, to," in ji shi.

Ta cire ƙafa daga kan keken. Ta taso, ta zagayo ta damansa, ta tsaya.

"Egya, me na ce?"

Ya dubi ƙyallayen da ke zube a ƙasa. Tsoho mai jikoki, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ban ji ba, 'yata. Wancan kunnen ya mutu. Tun kafin ranar da na zarge ki ya mutu."

"Na sani, shekaranjiya na gane," ta ce. "Ka san ranar da ka kore ni sai da na jira ka a bakin ƙofa? Na bi ka har bakin kwalbati ina cewa, Egya, ka koya mini, zan gyara, kar ka raba ni da waƙa. Ko waigowa ba ka yi ba. Na je gida na ce wa mahaifiyata, wannan mutumin ko kare ba ya yi wa haka. Ashe ta hagunka nake tafiya."

Wannan bai taɓa sani ba. Ya sa tafin hannu ya shafi fuskarsa.

"Ki yafe mini. Muryarki ba ta da laifi, ni ke jan ku ƙasa."

"A'a, Egya, ba a nan ba. Nan daga ni sai keke. A gaban mutane ka ce muryata ta ruɓe, har yau ko a coci ba na buɗe baki. Inda ka zubar, can za ka kwashe."

Ta koma ta ci gaba da ɗinkinta.

Ranar Laraba suke gwaji, a ajin makarantar da Ticha ya koyar. Ebo ya biya kantin kayan kiɗa a Takoradi kafin ya zo. Ya tarar da Fiifi da sauran suna ta kame-kame, ba mai son haɗa ido da shi, Kuukua kuma na tsaye a bakin taga ta waje, ta harɗe hannuwa, ta ƙi shigowa. Fiifi ya yi gyaran murya ya ce, "Egya, abin da ya wuce ya wuce, ba mu sauti mu fara."

Ebo ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan usur ɗin nan da ya yi rabin rayuwarsa yana yi wa masu busa shi dariya. Ya ajiye a kan tebur.

"Ku bi wannan, ya fi ni ji," ya ce. "Akwai maganar da zan yi, kuma ina so ta bakin taga ta ji. In za ku zage ni bayan na gama, ku zagayo ta dama."