Baba Mai Inuwa Ya Rufe Tagarsa

Shekara talatin da bakwai, kullum da hantsi Baba mai hoto zai buɗe shagonsa, ya yi shara, ya goge farin bangon nan, sannan ya buɗe taga ɗaya tak. Sauran masu hoto fitilu suke kunnawa su kashe inuwa. Shi kuwa zama yake ya jira ta. Da haka 'yan unguwa suka laƙaba masa Baba Mai Inuwa.

Ba kowa ke gane aikinsa ba. Tela maƙwabcinsa ya taɓa yi masa ƙorafi: "Haba Baba, fuska guda na kawo maka, ka ba ni rabi!" Baba ya ce, "Ɗaya rabin ma kai ne, ba ku saba ba ne kawai."

Ni shaida ce. Mu tagwaye ne, kamarmu ɗaya sak. Da 'yar'uwata ta rasu, wata bakwai ban kalli madubi ba, don ita nake gani. Innarmu ma ta kasa dubana. In na shigo ɗaki sai ta sunkuyar da kai. Na fara jin kamar tare aka binne mu.

Hoton katin aiki ne ya kai ni shagonsa. Ya san mu tun muna yara, bai tambaye ni komai ba. Da ya gama na katin sai ya ce, "'Yata, matsa jikin bango. Kar ki ƙaƙalo murmushi." Muka jira rana ta karkato, ya ɗauka sau ɗaya.

A hoton, ga ni tsaye cikin haske, ga inuwata kafaɗa da kafaɗa da ni, tsawonmu ɗaya. Da na kai shi gida, Inna ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa kan inuwar, ta kira sunan marigayiya, ta yi mata addu'a. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta kira nawa.

Baba, kai ne ka dawo mini da uwata, kuma ban taɓa gaya maka ba sai yau. Makon jiya ka rufe tagar nan saboda yanar ido ta rufe maka gani. Ka ce da ni, kana dariya, yanzu inuwar mutane kawai kake gani. Ni na yi kuka. Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da haske.

Ku kuma masu hoton yau, ku koyi haƙurinsa. Kafin ku kunna fitila ku kashe inuwar mutum, ku dakata. Ba ku san wa ke tsaye a cikinta ba.