Babu Ko'ina

Haladu tela ne a Maruta, shekara talatin yana zaune bakin keken ɗinki. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa ko akuya murya ba.

Da ciwon zuciya ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, daga gida zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. Likita a Birnin Kudu ya ce zuciyar ta yi rauni. Ya ba shi magani, ya ce ya rage gishiri, kuma kullum ya taka a hankali, ya fara da minti goma yana ƙarawa.

Wata huɗu yana yi. Haki ya ragu, takalmi ya koma shiga, matarsa Turai ta ce har ƙarin tuwo yake nema. Sai dai kunya yake ji a ga dattijo yana yawo ba dalili, don haka yake bi ta bayan gari, wajen da ake ɗaure shanu, yana duba agogo.

A makon da aka sace shanu tara na wani ɗan garinmu, Sada, Sada da samari suka tare shi da hantsi.

"Baba, ina za ka?"

"Babu ko'ina," in ji Haladu.

Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta ja masa. Wani ya ce infoman ɓarayi ne, mai kai musu rahoto, lokaci yake ƙirga musu. Sada ya sauke masa gora a ƙeya. Ya faɗi, suka rufe shi da duka, da sanda da ƙafa, jini na bin gemunsa, ba shi da numfashin da zai yi bayani. Kafin in iso a guje sun karya masa ƙwauri. Mutumin da ya ɗinka musu kayan sallah tun suna yawo ba wando!

Mai ɗori ya ce kwanciyar wata biyu, kada ya kuskura ya taka. Haladu ya yi kuka da jin haka, abin da bai yi ba a ƙarƙashin gora. Ya san abin da kwanciya za ta yi masa. A kwana na talatin da bakwai ya cika, a jingine, don numfashi ya hana shi kwantawa.

Sada ya zo ta'aziyya. Ya ce da Baba ya faɗi inda za shi, da ba a taɓa shi ba. Ya miƙo mini hannu, ban karɓa ba.