Mutumin da Ya Fi Kowa Iya Mutuwa

Shekara talatin da ɗaya Baba Gawa ya yi a harkar fim, bai taɓa furta ko kalma ɗaya ba. Aikinsa mutuwa. A shimfiɗa tabarma, ya kwanta, a lulluɓe shi da farin mayafi, jaruma ta zube a kansa tana rusa kuka. Ya iya riƙe numfashi har darakta ya gama faɗa da mai kyamara. Ƙuda ya sha yawo a tafin ƙafarsa bai motsa ba.

Ba a buɗe fuskarsa, don gobe ma shi zai mutu a wani fim ɗin. Babban yatsan ƙafarsa kaɗai duniya ta sani. Wannan abu yana ci masa rai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba sai 'yarsa. Burinsa a ga sunansa a rubuce, ko sau ɗaya ne.

Bayan ya tsufa, sai ga wani mai tara tsofaffin kayan fim, irin waɗanda ke saka cokalin jarumi a gilashi suna yi masa turare. Mayafin yake so.

"Kyauta na ba ka," in ji Baba Gawa. "Ka dai rubuta sunana a jikin gilashin."

"An gama, Baba."

Ranar buɗe wurin baje kolin kayan ya saka rigarsa mai kyau, 'yarsa ta riƙe masa hannu. Ga mayafin an haska shi da fitila, har da ƙaton kati: "Wanda hawayen jaruma ya zuba a kansa."

"Ina sunana?"

"Ai Baba, masu saye ba sa damuwa da mai rai. In ta Allah ta kasance, har hotonka za mu kafa."

Bai sa su jira ba, wata biyar ya ƙara a duniya. Mai tara kaya ya riga maƙwabta isowa, da darakta da kyamara, a zo a ɗauki hoton alkawari. 'Yar ta yaye mayafi a hankali, tana kuka, ta buɗe musu fuskar mahaifinta.

Darakta ya leƙa, ya karkata kai, ya daɗe yana kallo.

"Baiwar Allah, mayar ki rufe," ya ce. "Ba wanda zai gane shi haka. Buɗe mana ƙafar."