Aldenora Feitosa, Ɗiyar Sojan da Babu Sunansa a Kundin Soja

Haihuwa da Asali

An haifi Dona (wato Uwargida) Aldenora Feitosa a garin Jaguaruana na jihar Ceará a shekarar 1943, ana tsakiyar farin da ya ƙone gonakin auduga. Mahaifinta shi ne Otacílio Feitosa, manomi, mahaifiyarta kuwa Zuleide, masaƙiyar ragar kwanciya, irin wadda ake ratayawa a ƙugiyoyin bango, a kanta ake barci, a cikinta kuma ake ɗaukar gawar talaka. Zuleide tana ɗauke da cikin Aldenora wakilan gwamnati suka zo neman mazajen da za su taimaki ƙasa a Yaƙin Duniya na Biyu. Otacílio ya ba da sunansa, ya hau motar da ta kwashe su, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ƙuruciya da Karatu

Ta shiga makarantar coci a 1950, ta bari a aji huɗu domin ta taya mahaifiyarta saƙa. A makarantar ne ta fara jin abin da gari ke faɗa: wai sojojin da aka kai Italiya sun dawo, waɗanda suka mutu an sanar da iyalansu, saboda haka Otacílio ba yaƙi ya tafi ba, fari da mace mai ciki ya guje wa. Zuleide ba ta taɓa tanka wa kowa ba. Ƙugiyoyin da mijinta yake rataya ragarsa ta bar su haka nan, ko baƙi sun cika gida ba ta yarda a taɓa su. Labari ɗaya gare ta game da tafiyarsa, ta kuwa maimaita shi har maƙwabta suka haddace: an ba shi malafa, takalmi, kofin gwangwani da ragar gwamnati mai saƙar ganin dama, ita kuma don haushi ta cusa masa tata saƙar mai shuɗin baki a cikin buhu.

Aure da Sana'a

A 1963 ta auri Valdeci Nogueira, direban babbar mota mai kai ragogin kwanciya kasuwannin kudu, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A 1971 ta kafa masaƙarta, ta shahara da ingancin aiki da kuma naci, domin idan ta kafe a kan abu, mai lallashinta shi zai fara gajiya.

Shekarun Bincike

A 1978 ta soma rubuta wa ofisoshin soja tana neman bayanin aikin mahaifinta. Amsa ɗaya ce kullum, babu wannan suna. Valdeci yakan tsokane ta da cewa wasiƙun da ta rubuta wa sojoji, ko rabinsu shi bai samu ba lokacin neman aure. Ita dai ɓoye amsoshin take yi, saboda kowace ta zo, maganar gari take gaskatawa, ga mahaifiyarta tsufa ya kama ta.

A 1991 ta tafi Rio de Janeiro da ƙafarta, ta shiga ma'adanar takardun soja. Wata ma'aikaciya mai suna Ivonete ta taya ta bin sunayen waɗanda aka kai Italiya da waɗanda suka tsare gaɓar teku, ba su ga Otacílio ba. A ranar ne, kamar yadda ta shaida wa 'ya'yanta, zuciyarta ta fara yarda cewa gudu ya yi. Tana tattara jakarta, bisa sabo, sai ta ba Ivonete labarin malafa da raga.

Ivonete ta ajiye alƙalami ta ce, "Dona, ai sojan da za shi Italiya ba a ba shi raga da malafa. Mahaifinki daji aka kai shi, tatsar itacen roba. An ce musu su ma sojoji ne, amma a kundin soja ba za ki taɓa ganinsu ba."

A 1992 Aldenora ta isa jihar Acre, inda ragowar waɗannan mutane suke da ƙungiya. Cikinsu akwai wani dattijo, Anísio, wanda mota ɗaya ta ɗauke su da mahaifinta. Ya shaida mata cewa zazzaɓi ne ya kashe Otacílio a bakin kogin Iaco a daminar 1944, kuma a kan ragar gwamnati ya yi ta kwana har ta yage, mai shuɗin bakin kuwa ya ƙi warware ta, wai kada raɓar daji ta lalata masa ita kafin ya koma gida. A cikinta suka naɗe shi suka binne.

Da ta dawo ta faɗa wa mahaifiyarta, Zuleide ta ce, "Ji sakarai. Don ya kwanta na saƙa masa, ba don ya ajiye ba." Daga nan ta yi kukan da 'yarta ba ta taɓa gani ba, ta sa aka mayar da ragarta kan ƙugiyoyin mijinta. A nan ta ci gaba da kwana har rasuwarta a 1995.

Rasuwa

Allah ya yi wa Dona Aldenora rasuwa a Jaguaruana a 2019, bayan gajeriyar jinya. Bisa wasiyyarta, an ɗauke ta daga gida zuwa coci a cikin raga mai shuɗin baki, duk da an daɗe da barin wannan al'ada, aka binne ta kusa da mahaifiyarta, ƙarƙashin dutse ɗaya mai ɗauke da sunaye uku: nata, na mahaifiyarta da na mahaifinta. Ta rasu ta bar jikoki da 'ya'ya huɗu: Marluce, malamar makaranta, Gildásio, direba, Iracy, wadda ta gaji masaƙa, da babbansu Otacílio, wanda ta raɗa wa wannan suna tun 1964, lokacin da duk gari ke cewa sunan wanda ya gudu ne.