Kacallar da na sa aka nome a Bahindi

Tun kafin mai acaɓa ya tsaya na ji warin. Na ɗauka mushe ne a cikin ciyawa, ashe kifi ne, karfasa birjik a bakin tafki, ciki sama. Kawuna yana tsaye da hannu a baya. Bai ma bari na gama gaisuwa ba ya ce, "To ɗan birni, ga aikinka."

Da asuba muka bar Sakkwato ni da wani abokina. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba kuma ya cusa mu huɗu a baya da buhun albasa a kan ƙafa. A Koko muka karya da ƙosai mai zafi. Daga nan har Bagudo shinkafa ce kore shar hagu da dama, kowace gona da mai feshi goye da jarka. A hanya sha'awa abin ya ba ni, har hoto na ɗauka.

Ga yadda aka yi. A ƙasan gonar kawu, inda ruwa ke gangarawa tafki, akwai wasu ramuka uku marasa zurfi, an zuba tsakuwa an dasa kacalla. Bara da na zo na ce masa wannan ciyawar ce ke cinye fadama, na gani a waya. Na sa aka nome, aka cike ramukan, aka dasa shinkafa. Ban tambayi wa ya yi su ba.

'Yar kawu ce ta yi su, taubashiyata, wadda ta karanta aikin gona kafin aure ya kai ta Lolo. Washegari muka bi ta can, ranar kasuwa. Naira da sefa na yawo hannu da hannu, Dandanci ta nan, Fillanci ta can, ga soyayyen kifi da na kasa ci. Tana ganina ta ce wa maƙwabtanta ga injiniyan gidansu ya iso. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini dalla-dalla: ruwan da ya kwaso maganin feshi, da wanda ake wanke jarka da shi, in ya kwana biyu yana ratsa tsakuwa da saiwar kacalla, mafi yawan dafin a nan yake tsayawa. Damina biyu ta yi tana rainon ramukan. Ni wuni ɗaya ya ishe ni.

Kifin ma da sauƙi. Akwai wani dattijo Bafulatani da ke shayar da shanu a tafkin tun ba a haife ni ba, da nonon gidansa ake dama mana fura muna yara. Shanunsa biyu sun yi ɓari bana. Bai kai ƙara ba, bai ɗaga murya ba, ya kwashe rugarsa ya tsallaka Benin. A ranar muka same shi a karar shanu ta Lolo, ya zo cin kasuwa. Na durƙusa na ce Baffa laifina ne, za mu sake haƙa ramukan, ya dawo. Ya kalli sandarsa ya ce:

"Na yafe, ɗana. Amma ba ni zan ce ba. In ruwan ya gyaru shanu za su faɗa mini."

Kwana uku muka yi muna haƙa, tafin hannuna duk ya yi kanta. Taubashiyata ta ce kacallar ba za ta kama aiki sosai ba sai wata daminar. Kawu bai ƙara yi mini maganar ba, amma na lura yanzu da ruwa kawai ake dama masa fura.

Na dawo gida jiya, na goge hotunan masu feshin nan. Abin da na koyo bai fi a tambaya kafin a tuge abin da ba kai ka dasa ba. Ku da kuke birni kuna aika shawara ƙauye ta waya, kun taɓa komawa kun duba abin da ta haifar?