Mai Sunan Baffa

Da rami a zuciya aka haifi ɗana na fari. Haka likita ya faɗa mana a Kano. Ya ce duk lokacin da ya yi kuka mai tsawo leɓensa zai yi baƙi, numfashi ya gagare shi, saboda haka kada a bar shi ya yi kuka. Ya ce a kai shi Legas ko za su iya yi masa aiki, kuma kada a bi hanyar mota, ba zai jure ba. Ko zama bai fara ba a lokacin, ni kuma ban daɗe da gama sakandare ba.

Sunan surukina aka sa masa. A danginmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma kiran sunan suruki, sai ga shi abu biyu sun haɗe mini a kan yaro ɗaya. Mutanen gida ma ba sa kama sunan, Mai Sunan Baffa suke cewa. Ni ko wannan nauyi yake yi mini. "Wannan" nake ce masa. Wannan ya tashi, ku miƙo mini wannan. In da mutane ba na kallon fuskarsa. A bayana yake wuni, ina jin numfashinsa a tsakanin kafaɗuna.

Baffa, surukin nawa, shi ne ya raka ni. Maigidana bai san kowa a Legas ba, Baffa kuwa ya yi shekaru yana bin tirelar shanu daga Buji zuwa can, yana da mai masauki.

Da hantsi muka bar unguwarmu Takur a Dutse, za mu Kano mu hau jirgi. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, a bas maza gaba mata baya. Baffa na kusa da direba, ni can ƙarshe, na shayar da yaro a ƙarƙashin hijabi har muka wuce Wudil ba wanda ya kula. Na zaci a jirgi ma haka abin yake.

Ashe kujerun jirgi da lamba. Baffa a jikin taga, ni a gefensa, hannun rigarsa yana taɓa hijabina. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba. A gida daga bakin zaure nake durƙusawa in gaishe shi. Ma'aikaciyar jirgin ta zo ta ce da Turanci in sauke goyo, in rungume shi a gaba, mu ɗaura bel. Ta ƙara da cewa in ba shi nono in jirgi zai tashi da in zai sauka, saboda kunne.

"Me ta ce?" in ji Baffa, yana kallon gabansa.

"Wai a ɗaure ciki da wannan igiyar, Baffa."

"Ikon Allah. A tirela shanu ake ɗaurewa."

Maganar nonon ban fassara masa ba.

Jirgin ya yi gudu, ya ɗaga hanci. Yaro ya ƙwalla ƙara. Na jijjiga shi, na bubbuga bayansa, na karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Kukan sai ƙaruwa yake yi. Dole na kalli fuskarsa, a gaban kowa, na ga leɓen ya fara sauyawa.

Wata hajiya 'yar kasuwa tana zaune a ɗaya gefen hanya, ta leƙo.

"Ke 'yan mata, ba shi nono mana. Kunne ne."

Na sunkuyar da kai.

"Na fari ne?" Na gyaɗa kai. Ta nuna Baffa da haɓa. "Wannan fa?"

"Kakansa ne," na ce a hankali.

"Tabɗi. To, 'yar Fulani, kunya dai a ƙasa aka baro ta, nan sama muke."

Hannuna ya ƙi motsi. Ina so, wallahi ina so, amma kamar ba nawa ba. Sai na ji Baffa ya gyara zama. Ya warware jelar rawaninsa, ya rufe fuskarsa gaba ɗaya, ya juya wajen taga.

"Ni barci zan yi," ya ce, kamar da taga yake magana. "Kada a tashe ni sai Legas."

Na ja hijabi na ba shi. Ya kama, yana ajiyar zuciya, yana saki yana kamawa, har ya yi barci. Aka kawo abinci ban taɓa ba. Baffa bai motsa ba, amma ina ganin yatsansa yana tafiya a kan carbi.

Wajen sauka abin ya zo. Kunnena ya toshe, na san nasa ma haka. Na ba shi ya ƙi kamawa. Bai yi kuka ba. Jikinsa ya saki, kansa ya langaɓe a hannuna, idanun a rufe, leɓen kamar an shafa toka. Na sa kumatuna a hancinsa, ƙarar injin ta hana ni jin komai.

"Kira shi," in ji hajiyar, ta miƙo hannu tana murza tafin ƙafarsa. "Kira sunansa, muryarki ya sani."

Na saci kallon Baffa. Daga ƙarƙashin rawani na ji muryar Baffa.

"Kira shi, 'yar nan. Sunan nasa ne yanzu."

Na kira. Ranar na fara jin sunan a bakina, ya fito wani iri, kamar na ari kayan wani. Na sake kira da ƙarfi, har na gaba suka waiwayo. Yaro bai motsa ba. Ina zai san shi? Tun ranar suna ba wanda ya sake kiransa da shi.

Na kai bakina kunnensa na ce, "Wannan. Kai wannan."

Ya ja numfashi. Ya buɗe ido ya kalle ni.

A Legas suka yi masa gwaje-gwaje, suka ce ya yi ƙanƙanta da aikin. A mai da shi gida, in ya yi nauyi a dawo da shi, ko kuma a fitar da shi ƙasar waje. Suka ba mu magani. Kuɗin shanun da aka sayar dominsa ya ƙare a can, muka dawo a mota, hanyar da aka ce ba zai jure ba. Ya jure. Baffa bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya faru a jirgi ba, kuma na koma gaishe shi daga bakin zaure.

Nauyin bai zo ba har yanzu. Duk sati nake kai shi awo, matar ta ɗora shi a sikeli, ta sauke, ba ta kallona. In jirgi ya gitta ta saman Dutse, ko tuwo nake tuƙawa sai na ajiye muciya.

Da safe in maigida ya fita aiki nakan rufe ƙofa, in kwantar da shi a cinyata, in yi ta kiran sunansa a hankali, ina so ya san shi tun da sauran lokaci. Yana kallon rufin ɗaki. In na gaji na ce wannan, sai ya juyo.