Gadar da Papa Mpouam Ya Ƙi

Kafin ya taɓa kowane maɓalli, Papa Anatol Mpouam sai ya zagaya tanderunsa yana shinshina. Haka ya saba fara aiki kowace safiya a masana'antar katako ta bakin garinmu, Abong-Mbang, da ƙullin rogo da gyaɗa a aljihu. Aikinsa gasa katako ne. Ana shigar masa da fararen allunan itacen ayus, waɗanda damina ke ruɓar da su nan da nan, ya rufe ƙofa, ya sakar musu zafi da tururi har su yi launin gasasshen koko. Allon da ya bi ta hannunsa ba ya kumbura, ba ya saurin ruɓewa. Masu kyau a haɗa su da gam a loda zuwa Duwala. Masu ɗan aibi kuwa ma'aikata ake bar wa, shi ya sa rabin ƙofofin unguwarmu launinsu ɗaya.

Da lokacin ajiye aikinsa ya matso, kwamitin unguwa ya so karrama shi. Gadar rafin da 'yan makaranta da mata masu dakon ayaba ke bi ta ruɓe. Shugaban kwamitin, Blez Zang, wan matar Papa, ya ce a tattaro gasasshen katako gida-gida a sake ta, a sa mata suna Gadar Mpouam. Har allon sunan an riga an rubuta.

"Surukina," in ji Blez a taron bakin rafi, "ka gasa katako har kai ma ka kusa gasuwa. Bari mu rataya sunanka tun kana iya karantawa."

Papa Mpouam ya daɗe yana kallon allon. Bai taɓa ganin sunansa da manyan baƙaƙe ba, kuma a gaskiya ya ji daɗi. Sannan ya tambaya, "Me zai ɗauki nauyin daga ƙasa?"

"Katakonka mana! Ba kai ka ce ba ya ruɓewa ba?"

"Ba ya ruɓewa. Amma zafin da ya hana shi ruɓewa ya rage masa ƙarfi. Wanda ba a gasa ba yana lanƙwasa, ya yi ƙara, ya ba ka damar gudu. Wannan shiru yake yi, sai dai ka ji ƙas."

Ya ɗora allo ɗaya a kan duwatsu biyu. "Hau, Blez. Ƙanwarka ta ce tun kuna yara kai ke suɗe tukunya."

Blez ya hau, ya ɗan yi tsalle don ya ƙure shi. Allon ya rabe biyu, shugaba ya zauna daɓas a laka.

"Mugu! Mai tsaga ka zaɓo da gangan!"

An yi dariya ranar, amma ba ta daɗe ba. Babu halin sayen katako mai ƙarfi, aiki ya tsaya, damina ta sauka. Mata suka riƙa ratsa ruwa har gwiwa suna ambaton sunan Papa ba da alheri ba. Blez ya daina zuwa gidan Papa cin abincin Lahadi da ya saba. Papa Mpouam yana jin komai, yana gaishe da kowa, bai janye maganarsa ba. A ƙarshe wani dillalin katako ya ba da manyan gumaguman tali, itace mai ƙarfi, bisa sharaɗin a sa wa gadar sunansa shi dillalin. Gasasshen katakon aka yi madafar hannu da shi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne halinmu. Da gadar nan ta karye da yara, wanda ya faɗa ruwa ya tsamo su da tuni an kai shi rediyo. Wanda ya hana ta karyewa kuwa tsaki muka biya shi. Mun iya "a yi haka nan, Allah zai kiyaye", mun iya makoki, amma mai cewa "ku dakata" kullum shi ne maƙiyin ci gaba. Har yaushe?

Papa, kai ne ka ƙare ƙuruciyarka a bakin tanderu, ka fi kowa alfahari da katakon nan, kuma kai ka tsaya gaban jama'a ka faɗi inda ƙarfinsa ya ƙare. Mai gasa katako, wanda yabo bai gasa ba.

Ran da aka buɗe gadar, an ga Papa ya gangara ƙarƙashinta ya daɗe. Da ya hauro, Blez ya tare shi, karo na farko tun rabuwarsu.

"Ka karanta allon, tsoho? Ba sunanka ba ne."

"Ƙasan na duba," in ji shi. "Yara za su wuce."

Mun gode, Papa. Mu kuma masu tasowa, kowa da sana'arsa, mu koyi faɗin iyakar aikinmu ko da sunanmu ne zai sauka daga allo.